Ranar da Autanmu Ya Zuba wa Nama Kananzir

Matso kusa ka ji, ɗana ko 'yata, duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, aji uku na yi a makarantar Faransanci aka cire ni, sauran rubutun a gida na tsinta, saboda haka in ka ga magana ta karkace ka miƙe ta da kanka. Abin da Allah Ya ba ni shi ne kunne. Kwanan nan jikar maƙwabciyata ta zauna a tabarmata tana ta latsa waya, na ce me ake yi haka da ba a ɗaga kai, ta ce takardun shiga makarantar likitan dabbobi take cikewa. Wai yanzu a cikin ƙasar nan ma akwai makarantar, kuma daga zaune ake aika komai. Na ce Allah Ya ba da sa'a. Ta tashi ta tafi abinta, ni kuwa na kasa ƙarasa tsince waken da ke gabana, domin yarinyar ta taɓo mini wani wuri da na yi shekaru ina kewaye shi.

Unguwarmu New Bell da na tashi a cikinta ba wannan ba ce ta yau, mai benaye da janareto da babura da ba sa barin mutum ya ji kiran salla. Gidajen katako ne, rufin kwano, lungu ya shige cikin lungu, in ruwa ya sauko sai ka ga bakin mutum yana motsi ba ka jin abin da yake faɗa. In ya ɗauke kuma kwaɗi su karɓa. Safiya tana da jerinta, ba ta saɓawa: ladan, sai tarin Baba, sai ƙarar wuƙarsa a kan dutsen wasawa, sai mai shagon bakin titi ya ja ƙofar ƙarfensa, sai matar da ke soya makala, fanken garin nan, ta jefa na farko a mai. Can da nisa jirgin ƙasa ya yi kuka, mahauta su ce shanu sun iso. Yanzu nakan farka in kasa kunne, ban san ƙarfe nawa ba ne sai na tambayi yaro. Da can kunnena kaɗai ya ishe ni.

Baba mahauci ne, kamar ubansa da ya koro shanu da ƙafa daga arewa ya zauna a garin nan. Shi da ƙanensa, Baffa, suke sana'ar tare, Baba ya yanka, Baffa ya feɗe ya sare. Baba mutum ne mai nauyin baki, kalma uku ta ishe shi yini. Baffa kuwa in ya shigo gida sai kaji sun watse. Akwai abu guda da muka tashi muka tarar a gidan fawa, ba wanda ya taɓa ce mana a sake duba shi. In dabba ta kwanta ciwo, ba a tsayawa tambayar me ya same ta. Abin da ake tambaya kawai shi ne, da sauran rai? In da saura, a ruga da wuƙa kafin ta zama mushe. In an yanka kuma kowa ya zuba ido a ƙafa da wutsiya da fatar ido. In wani abu ya motsa, an tsira, nama ya halatta. In an buɗe ciki an ga wani wuri ya lalace, a yanke wurin a jefar, sauran a kai kasuwa. Baba yakan ce da masu koyo, "Kar ka kalli hannuna, kalli ƙafarta." Ni har na yi aure na haihu ina zaton iyakar ilimin abin ke nan.

A abatuwa, mayankar gwamnati ta ƙetaren gada kuwa, akwai likitan dabbobi da tambarinsa mai shuɗin tawada. Naman da ya buga wa tambari ya wuce. Wanda ya ƙi, sai ya sa a zuba masa kananzir a gaban mai shi, don kada a zagaya da shi ta baya. Ba abin da mahauta suka tsana a duniya kamar wannan gwangwanin kananzir. In suna hira a ƙofar gidanmu aka ambace shi, sai ka ji an tofar da yawu.

To, a cikin irin wannan gida Allah Ya fito da Autanmu, ƙanena, da ya ce shi likitan dabbobi zai zama. Ya gama lise, wato sakandare, ya tafi jami'a a Yaoundé yana karatun kimiyya, idonsa kuwa yana kan wata makaranta can ƙasar Senegal, wadda gwamnati ke zaɓar 'yan kaɗan ta tura bayan sun ci jarrabawa. Kafin a bar ka ka zauna jarrabawar sai ka haɗa dosiye na takardunka ka kai wani ofis a unguwar Bonanjo. Auta ya haɗa komai a cikin wata koriyar jaka, saura takarda guda: shaidar cewa ya yi aikin koyo a abatuwa, da sa hannun likita. Kuma akwai ƙa'idar shekaru. Wannan shekarar ce ta ƙarshe da za a karɓe shi, in ta wuce ya tsufa wa makarantar har abada. Duk gidan mun san haka, har Inna da ba ta san harafi ko ɗaya ba takan ɗaga jakar nan in ruwa ya shigo ɗaki kafin ta ɗaga buhun shinkafa.

Da aka rufe jami'a saboda rikici ya dawo gida, sai tsakar gidanmu ta zama ajinsa. Yakan kwaso ƙasusuwa daga teburin Baba, ya dafa su a tukunyar Inna har nama ya saki, ya shanya, ya jera a tabarma yana kiran sunan kowanne da Faransanci. Inna ta yi faɗa har ta gaji ta bar masa tukunyar. Ni a lokacin na dawo gida da goyo, don maigidana direban babbar mota ne, rufe hanyoyi ya tsare shi a arewa. Ina tuƙa tuwo yana karatu da ƙarfi, in ya gaji ya juya mini da Hausa, wai in ya iya fahimtar da ni to ya iya fahimtar da masu jarrabawa. Baffa in ya wuce sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Dokta, wannan ƙashin da kake wa lacca, jiya na sha romonsa. Bai ce mini yana da suna ba."

"Baffa, ai ba ka tambaye shi ba."

"Ka ji ɗan banza. Yaya, ka ga abin da ka haifa? Gobe shi zai riƙe mana gwangwani."

 Baba kuwa, na lura in ya sami ƙashin da bai fashe ba, yakan ware shi gefe ya naɗe a takarda.

Shekarun nan ba su da daɗin tunawa. Ma'aikata an rage musu albashi, wasu an sallame su, wanda ke sayen kilo ya koma sayen ƙashi. Sai kuma aka shiga rufe gari. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba shago, sai Asabar da Lahadi a buɗe kowa ya ruga kasuwar Sandaga ya kwaso abin da zai iya. Samari sun tare mararraba suna ƙona taya, soja suna yawo a manyan motoci. Hayaƙin roba ya kama labule, ya kama tuwo, ya kama gashin jariri. Amma ba harbin ne ya fi ba ni tsoro ba, shirun ne. Garin da ba ya rufe baki ya wayi gari kana jin ɗigon ruwa daga indararon gida na uku. In takalmi mai nauyi ya shigo lungu, duk uwa ta toshe bakin ɗanta. Dattawa suka daina zama a ƙofa, suna dawowa daga masallaci ɗaya bayan ɗaya kamar ba su san juna ba.

A cikin wannan hali jirgi ya sauke shanu a ranar da gari yake rufe, gada kuma ba ta ƙetaruwa. Baba ya bi lunguna ya shigo da shanunsa biyu bayan gidanmu, ya ɗaure su jikin katangar kwano, ya ce su jira Asabar. Ajiye su ba laifi ba ne. Yanka a gida shi ne laifi, kuma a kwanakin nan wanda aka kama karɓe katinsa na fawa ake yi, a wuce da shi bariki. Katin nan kuwa shi ne tukunyar gidanmu da ta gidan Baffa. Auta a lokacin yana zuwa abatuwa duk Asabar da Lahadi, likitan ya ce masa Asabar ta sama zai sa masa hannu. Likitan mutumin kudu ne, dogo, mai furfura a gemu, ya daɗe yana aiki a Garwa har ya iya Hausa irin tasa. Auta yana ganin girmansa ƙwarai.

Ranar Laraba da hantsi ni na fara sani. Madafarmu tana manne da wurin shanun, kwana biyu ina jin tuƙarsu, baki biyu suna niƙa a hankali. Ran nan baki ɗaya nake ji. Sai kuma kwanon katanga ya fara kaɗawa, kar-kar-kar, alhali ba iska. Na leƙa na ga farar saniyar ta jingina da shi tana rawar ɗari, numfashinta yana fita da ƙyar. Na kira Auta. Ya ajiye littafi ya je ya dafa wuyanta, ya duƙa ya duba hancinta, ya zagaya ya ɗaga wutsiya. Da ya ɗago na ga fuskarsa ta sake. Ya goge hannunsa da ƙasa, ya wanke da sabulu har sau uku. Kafin ya gama, saniyar ta durƙusa ta kife, wani baƙin jini yana tsiyaya daga hancinta.

Baffa ne ya fara isowa. "Yaya, wuƙa, za ta tafi."

Baba ya fito da wuƙa a hannu. Auta ya sha gabansa, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, don Allah kada a yanka ta."

"Matsa."

"Ciwon saifa ne, Baba. Wanda Faransa ke kira sharbon. Ba a zubar da jininta, ba a buɗe cikinta. Cutar tana cikin jinin, in ta shiga ƙasa ba ta mutuwa, kuma tana kama mutum. A bar ta ta mutu a rufe, a binne ta yadda take."

Baffa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "A bar ta ta yi mushe muna tsaye? A gidan fawa? Yaro, tun ba a haifi uwarka ba muke yanka masu ciwon saifa. A cire saifar a jefar, shi ke nan."

"Waɗanda suka ci, kun bi su gida kun ga yadda suka kwana?"

"Yaya, kana jinsa fa."

Baba ya dubi saniyar, ya dubi ɗansa. Na ga yana auna abin, wallahi na gani. Amma idon saniyar ya fara juyawa, hannunsa kuma shekara arba'in ya saba da abu guda in ya ga haka. Ya ce, "Rai ne a gabana, ba zan bar shi ya fita a banza ba." Ya ture Auta da kafaɗa, ya juya ta gabas, ya yi bisimilla. Duk suka zuba ido a ƙafa. Ƙafar baya ta ɗan harba sau ɗaya.

"Ta motsa," in ji Baffa. "Kowa ya gani. Alhamdu lillahi."

Ni ba ƙafar nake bi ba. Na tashi a gidan da ake yanka rago duk suna da salla, na san ƙarar jini in ya fito, yana da ƙarfi, yana feshi, sannan ya daskare. Wannan bai yi ƙara ba. Malalowa ya yi, baƙi, mai kauri kamar tsohon man mota, ya bi gangare ya nufi lambatu, kuma har aka gama fiɗa bai daskare ba. Baffa ya naɗe hannun riga ya shiga aiki, da wani ɗan ƙarcen kwano a damtsensa da bai kula da shi ba. Da ya buɗe ciki saifar ta fito ta kumbura kamar matashin kai, ya taɓa ta ta narke masa a hannu. Baba ya ja da baya taki ɗaya. Baffa ya kwashe ta ya jefa a bokiti ya ce, "To, ga ciwon an fitar. Dubi nama, ja wur."

A lungu irin namu ba a ɓoye fiɗa. Sara biyu aka yi a kan ƙashi, sai na ji ƙarar kwanoni a zaure. Mata ne, maƙwabtanmu, waɗanda yaransu suka yi makonni ba su ga nama ba. Ba su yi sallama da ƙarfi ba, sun dai tsaya, kowace da kwanonta a ƙarƙashin mayafi. Baba ya ce tunda ba kasuwa a raba musu, ya zama sadaka. Baffa ya fara kasa nama kashi-kashi a kan fatar.

Auta ya shigo madafa. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Yaya, ina kananzir ɗin Inna?"

Galan guda ne ya rage mana, Inna ta ɓoye shi bayan turmi, don a kwanakin nan ko da kuɗinka ba ka samu. Na san abin da zai yi da shi. Na nuna masa turmin da haɓa. Ya ɗauka ya fita, ya ratsa tsakanin Baba da Baffa, ya buɗe murfi ya bi kason nan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa, har kai, har ƙafafu, har bokitin. Warin ya cika gidan. Ba wanda ya yi motsi. Wata tsohuwa a zaure ta ce, "Allah Ya isa," ta juya, sauran suka bi ta, ina jin kwanonin suna nisa.

Baffa ya daɗe yana kallon galan ɗin. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, shi da ba ya iya magana a hankali. "Yau an riƙe wa Yaya gwangwani a tsakar gidansa. Kuma ɗan cikinsa."

Na ɗauka Baba zai ɗaga hannu. Bai ɗaga ba. Ya wanke wuƙarsa, ya mayar kube, ya ce a haƙa rami. Sannan ya dubi Auta ya ce, "Maganar nan a gidan nan ta ƙare. Ba ta ƙetare gada ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Wanda ya san ƙasar New Bell ya san ba a haƙa ta. Kana kai gwiwa ruwa ya taso. Haka aka tura naman cikin ramin da rabinsa ruwa ne, aka ja ƙasa aka rufe. Daren ba a kunna fitila a gidanmu ba. Washegari ruwa ya sauko, ya kwana biyu bai ɗauke ba. Bayan gida ya zama tafki, wurin ramin yana fitar da kumfa, wani ruwa mai duhu yana bin lambatu ya fita lungu, inda yara ke tsalle da ƙafa ba takalmi. Auta yakan tsaya a ƙofa ya kore su, su koma da ya juya baya. Ba mai yi masa magana a unguwa. In ya gaida mutum a masallaci sai a amsa wa bango. Ranar Juma'a aka tsinci akuyar maƙwabcinmu a bakin lambatu, ciki a kumbure, jini a hanci. Mai ita ya ce maciji ne.

Ranar Asabar na ji matar Baffa a gidansu da ke jikin namu tana daka a lokacin da ba na daka ba, kuma ba ƙarar hatsi ba ce, saiwa ce. Na shiga da sunan aron rariya. Baffa yana zaune da riga mai dogon hannu cikin wannan zafi, yana gumi. Da matar ta janye hannun rigar za ta shafa magani na gani. Inda ƙarcen nan yake ya zama baƙin tabo kamar an manna gawayi, kewayensa ƙuraje, hannun kuma ya kumbura har kafaɗa yana ƙyalli. Ya ce mini, "Maruru ne, 'yar nan, ko zafi ba ya yi. Kar ki je ki tayar wa Dokta hankali."

Da la'asar Auta ya dawo daga abatuwa, na ja shi madafa na gaya masa. Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai.

"Ba ya zafi, ko? Haka yake. In ya kai wuya shi ke nan."

"Ba magani?"

"Akwai allura a asibiti. Amma suna gani za su san daga dabba ne, za su sanar da likitanmu. Ramin nan ma sai an tone an zuba masa farar ƙasa mai ƙuna, ma'aikatan abatuwa kaɗai ke da ita. Ɗaya saniyar ma tana son rigakafi." Ya ɗago ya dube ni. "In na kama bakina kwana bakwai, Yaya, likitan zai sa mini hannu in kai jakata Bonanjo."

"Hannun Baffa zai kai kwana bakwai?"

"Ba zai kai uku ba."

"Katin Baba fa?"

 Ya ɗauki wani ɗan ƙashi daga aljihu yana juya shi, can ya ce, "Tuwonki zai kama." Ya fita.

Lahadi da sassafe Auta ya tafi abatuwa da ƙafa. Kafin azahar mota ta tsaya a bakin lungu, likitan ya shigo da ma'aikata biyu masu takalman roba da buhunan farar ƙasa. Aka fara ɗaukar Baffa zuwa asibiti, yana zagi har aka rufe ƙofar mota. Ma'aikatan suka tone ramin. Likitan ya sa aka juyo masa wuyan saniyar da sanda, ya daɗe yana duba yankan. Sannan ya fito da littafi da biro, ya tsaya a tsakar gida suna magana da Auta da Faransanci. Baba yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ba ya jin yaren. Ni aji ukuna da karatun da na sha ji a bakin murhu sun ishe ni in gane. Auta cewa yake shi ya yanka. Wai Baba ba ya gida, shi ne ya ga ta faɗi ya so ya ga cikinta don karatu, ya sa Baffa ya feɗe masa. Likitan ya ce wannan yankan ja ɗaya ne, hannun da ya yi shi ya fi shekara talatin yana yi. Auta ya ce shi ɗan mahauci ne.

Likitan ya rufe littafin a kan yatsansa. Ya waiga ya gan ni a ƙofar madafa, da goyo a baya da muciya a hannu. Sai ya juya harshe zuwa Hausarsa, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Madam, kai kana nan wurin, ka gani duka. Ni zan rubuta suna ɗaya. In baba ne, na karɓi kati, soja ya zo ya ɗauke shi. In yaro ne, kati ya zauna, amma ni ba na sa hannu wa ɗan koyo wanda ya buɗe sharbon da saninsa. Makaranta ya ƙare. Faɗa mini gaskiya, wane ne ya sa wuƙa?"

A nan Baba ya fahimci abin da ake ciki. Na ji numfashinsa ya canza. Ya buɗe baki, Auta ya riga shi, "Baba, ka bari, na riga na faɗi laifina." Inna tana cikin ɗaki, ina jin gadon ƙarfe yana ƙara. A gidan Baffa yara suna kuka. Na dubi Baba, tsoho mai ciwon gwiwa, na tuna waɗanda aka kai bariki da yadda suke dawowa, in sun dawo. Na dubi Auta. Ya kafe ni da ido ya sunkuyar da kai kaɗan, irin yadda yake yi tun yana ƙarami in yana roƙona kada in faɗa wa Inna wani abu. Likitan kuwa, na rantse, so yake in ce Baba. Yana son yaron nan, a fuskarsa aka rubuta.

Na ce, "Ƙanena ne."

Likitan ya jira. Ya ba Baba lokaci, ya ba ni lokaci, har ɗigon indararo na ƙirga. Ba wanda ya ƙara kalma. Ya buɗe littafin ya rubuta, ya ce wa Auta kada ya ƙara zuwa abatuwa, ya sa aka zuba farar ƙasa aka rufe ramin, aka yi wa ɗaya saniyar allura, suka tafi.

Baffa ya warke, da tabo kamar an ɗora masa dutsen guga, kuma bai sake kiran Auta Dokta ba har ya koma ga Allah. Mutanen kasuwar shanu ne suka ɗauki sunan, don a can Auta ya ƙare, a wata 'yar rumfa yana sayar da maganin tsutsa da na kaska har kansa ya yi fari. Makiyaya sukan bar likitocin gwamnati su zo wurinsa, amma ko allura guda in zai yi sai ya waiga. Baba ya riƙe katinsa shekaru masu yawa. Da shi muka ci, da shi aka yi wa 'ya'yan Baffa aure, da shi aka rufa mini asiri lokacin da maigidana ya rasa mota. Bai taɓa ta da maganar ba, sai dai daga ranar in dabba ta faɗi ba ya taɓa kube sai an kira Auta ya duba, kuma in suna tare ba ya iya haɗa ido da shi. Sau ɗaya na tambayi Auta ko yana riƙe da ni. Ya ce, "Yaya, ai ni na roƙe ki." Na ce na sani, amma ni ce babba, ina iya ƙi. Sai ya tambaye ni lafiyar yara.

Yau duk waɗanda suka tsaya a tsakar gidan nan sun tafi, ni kaɗai na rage da kalma biyun da na faɗa. Na yi istigfari a kan ƙaryar, wannan mai sauƙi ne. Abin da na kasa warwarewa shi ne ko don Baba na faɗe ta, ko don cikina da na ɗan da ke bayana. Kai da ka yi karatu fiye da ni, gaya mini tsakaninka da Allah: da kai ne a ƙofar madafar nan, biro a sama yana jira, ubanka a dama, ƙanenka a hagu, sunan wa za ka kira?